Ranar da Jar Motar Yaya Ta Ƙi Mutuwa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da mutanen Shinkafi za su yi mini alfarma su manta (ba za su yi ba, na san su), da Asabar ɗin da na tafi karɓa wa ɗan wana aure, na dawo Ƙaura ban karɓi komai ba sai sabon suna.

Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne da janareta a bakin kasuwa. Karatuna bai yi nisa ba. Mahaifinmu ya ce dole ɗaya daga cikinmu ya riƙe gona, ya dubi Yaya Sa'idu, ya dube ni, sai ya miƙo mini fartanya. Yaya ya yi ta karatu har ya zama babban ma'aikaci mai tabarau da ofis mai labule. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ba ya bukata. Gyaran murya kawai yake yi, sau ɗaya, daga can ƙasan maƙogwaro, sai ka ji ka tuno duk laifin da ka yi tun kana goye. Na yi furfura ina jin tsoron wannan gyaran murya, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Yaya yana da wata jar mota da ya saya a hannun iyalan wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, mai sayen gyaɗa, tun ta zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa Ƙaura da gaske. Motar tsere ce ta Turawan da, kujera biyu tak, ba rufi sai tamfol, sitiyari a dama, kuma ta yi ƙasa sosai har in ka zauna ciki kamar a tabarma kake. Shi yake wanke ta da hannunsa. Ni da nake kwana cikin ƙarfe da baƙin mai, ko murfin inji bai taɓa bari na ɗaga ba. "Wannan ba injin ban-ruwa ba ne," haka yake cewa. Da Allah ya yi masa rasuwa ba ni da gado, tunda ya bar ɗa namiji. Ɗan nasa ne, Bashiru, ya ce a tura wa Baffa motar, shi ya san ƙarfe. Aka turo ta kuwa, da hannu, domin ta ƙi tashi.

Ciwonta ɗaya ne. Dainamonta, wato abin da ke ba batir wuta in inji na tafiya, ya tsufa ya gaji. Sai ka fita da ita lafiya, ka kunna fitila ko ka danna ham, ta mutu maka a tsakiyar titi. Babu unguwar da ban tura motar nan ba a Ƙaura. Masu shayi sun san bayana fiye da fuskata.

Sai ga maganar auren Bashiru. Malamin makaranta ne, yaro mai hankali, ya samu ɗiyar wani gidan malamai a Shinkafi, irin gidan da alƙalai da limamai suka yi ta fitowa daga cikinsa. Aka zauna shawarar wanda zai yi wakilcin ango, wato wanda zai zauna gaban liman ya nemi auren ya karɓa. Alhaji Mamman, abokin Yaya na ofis, ya gyara hula ya ce, "Wannan a bar mini. Mutanen can malamai ne, ana son wanda ya iya zama cikin mutane." A gabana ya faɗa, ko kallona bai yi ba. Bashiru ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri. Baffa shi ne ubana yanzu. Shi nake so ya karɓa mini."

Ku da kuka saba a sa ku gaba ba za ku gane ba. Tunda aka haife ni ba a taɓa zaɓata a bar mai tabarau ba. Na koma gida na kasa cin tuwo. A nan ne shaiɗan ya raɗa mini cewa wakilin ango ba ya sauka daga bas kamar buhun gero. A jar mota zan shiga Shinkafi, su san gidanmu ma akwai abin kallo.

To amma kowa ya san hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi a shekarun nan. Ba hanyar da mutum zai so motarsa ta mutu ba ce, saboda 'yan bindiga. Ana tafiya ne a ayari, da rana tsaka, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi, kuma in ka tsaya babu mai tsaya maka, ba don mugunta ba. Saboda haka na sauka Gusau wajen masu sayar da kayan motocin da suka yi hatsari, na ce a ba ni altaneta, irin ta zamani mai ba da wuta da yawa. Mai shagon ya ɗauko wata ƙarama. Na ce ba ita ba, babba nake so. Ya jawo ta wata ƙatuwar bas da gabanta ya koma ciki kamar an taka gwangwani. Ya ce, "Ta yi wa ƙaramar mota yawa fa." Na ce masa, "Mota nake so wadda ba ta mutuwa." (Da bakina na faɗa, a gaban shaidu. Mutum ya riƙa lura da abin da yake roƙo.)

Akwai masu aikin wayar mota a Ƙaura, rewaya, har da wanda muke sallah sahu ɗaya da shi. Ban kai musu ba. Na ce wuta wuta ce, wadda ke cikin janareta ita ce ke cikin mota. Na kwance dainamon Yaya na tura shi ƙarƙashin gado. Sabuwar ta ƙi zama a gurbin tsohon, sai da aka yi mini walda aka ƙera mata mazauni, aka yi ta neman bel ɗin da zai kai. Aikin bai ƙare ba sai safiyar ɗaurin auren. Wayoyi kuwa na haɗa su yadda hankalina ya ba ni. Wata 'yar siririya ta rage a hannuna ba ta da gida, na duba na duba, na cusa ta inda na ga ta fi dacewa, wajen wayar makulli. Na murza. Bugu ɗaya ta tashi, da wata irin murya mai kauri da ban san ta da ita ba.

Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "To kashe ta mana ka yi wanka, hayaƙi ya cika muna gida."

Na ce, "Ba a kashewa. Batir na shan wuta."

Na yi wanka tana aiki. Na sa farar babbar riga tana aiki. Wajen masu sayar da fetur a galan ma ban kashe ta ba, mai zubawa yana ta salati. Wato na gwada tashinta, na gwada fitila, na gwada ham, abu ɗaya ne ban gwada ba.

A tasha na yi wa Alhaji Mamman tayin kujerar gefe, don dai in ga fuskarsa. Ya dubi motar daga sama zuwa ƙasa ya ce, "Wanga abu awa makara? Ni da raina ba ni shiga." Bashiru ya so shiga, abokansa suka janye shi cikin bas. Sai na ɗora ƙunshin goro a kujerar, ayari ya tashi, ni ne na ƙarshe.

Ban taɓa bin hanyar nan a buɗaɗɗiyar mota ba. A bas kana cikin mutane, ana hira, ba ka ganin komai sai ƙeyar na gabanka. A jar mota kuwa daji yana zaune tare da kai. Da muka yi nisa sai muka fara wuce garuruwan da mutanensu suka tashi. Ƙofofi a buɗe, rumbuna ba hula, gero ya nuna a gona ya sunkuya babu mai yanka. Ba akuya, ba kaza, ba yaro ko ɗaya da zai ɗaga wa mota hannu. Kuma kujerar direban ta riga ta lotsa daidai jikin Yaya, shi kuwa ya fi ni faɗi, sai nake ji kamar a cinyar wani nake zaune.

Daidai wani masallaci da rufinsa ya rufta, rediyon motar ya yi magana.

Rediyon nan tun kafin rasuwar Yaya ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Ba tasha ya kama ba. Wani gunji ne siriri, in na taka mai ya hau, in na saki ya sauka, kamar tsoho yana karatu da baki rufe. Na murɗa maɓallinsa hagu, na murɗa dama, bai fasa ba. Can sai ya katse, ya yi wata ƙara gajeriya daga ƙasa. Na san wannan ƙara. Na girma da ita. Ban waiwayi kujerar gefe ba har muka shiga Shinkafi, ina ta karanta duk abin da na haddace, wanda ba shi da yawa.

Da na ga mutane da shaguna sai tsoron ya sake ni, girman kai ya dawo gurbinsa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, manyan malamai sun jeru da rawuna. Sauran motoci suka tsaya nesa kamar masu hankali. Ni na kutsa har bakin tabarma, hancin motar yana kallon liman. Wasu motocin baƙi suka zo suka toshe bayana. Kowa ya juyo. Na ji wani yana cewa, "Kai, wagga mota ta wa ce?" Na ji daɗi har cikin ƙashina. Na murza makulli, na zare shi, na jefa a aljihu, na fito ina gyara riga.

Sai da na yi taku kaɗan na lura ƙarar ba ta tsaya ba.

Na koma na mayar da makulli, na murza, na zare. Tana aiki. Na sake. Tana aiki, jikinta yana rawa a hankali, salansarta da ta ɓule tana ta bugu kamar ana daka. Na tsaya da makulli a tafin hannu ina kallonsa.

Wani dattijo daga dangin amarya ya ce, "Malam, a kashe muna ita, ba mu jin juna."

Na ce, "Na kashe."

Ya ce, "Mi ka kashe?"

Na ɗaga masa makullin. Ya dubi makullin, ya dubi motar da babu kowa ciki, ya ja tabarmarsa baya kaɗan.

Alhaji Mamman ya matso ya ce a kunnena, "Ka rufa muna asiri. Liman na jira, kuma ayari ba ya jiran kowa." Sai na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce ƙaramin abu ne, yanzu zan raba ta da wuta gaba ɗaya. Na naɗe hannun babbar riga, na ɗaga murfi, na cire kan batir. Tana aiki. Na cire ɗayan kan. Na rungumo batirin ɗungurungum, na fito da shi, na dire a ƙasa gaban jama'a, ruwansa ya zubo mini a gaban riga.

Ba ta mutu ba. Ƙara ma ta yi. Fitilunta, da na bari a kunne tun hanya don ayari ya riƙa ganina, suka yi wani irin haske fari da rana tsaka, suna ƙaruwa suna raguwa kamar mai lumshe ido. Gunjin rediyon ya fito fili, kowa yana ji. Ɗaya fitilar ta fashe, tas. Mata da ke leƙe ta zaure suka ruga ciki. Wani ya ce, "Ba makulli, ba batir, to mi take ci?" Ku tuna mutanen nan ƙarar inji kawai suke ji daga nesa su fara neman 'ya'yansu. Yau ga inji a ƙofar gidansu yana aiki ba da izinin kowa ba.

(Na sani. Kowane direba da na ba wa labarin nan sai ya ce, ai da ka shiga ka sa ta giya ka saki kuloci, da ta mutu nan take. Na gode. Gabanta liman ne, bayanta motar wani alƙali. Kuma gaskiyar magana, ko da fili ne fetal, ba abin da zai sa in sake zama a kujerar nan a lokacin.)

Liman ya dubi rana ya ce a daure a ɗaura haka nan, kowa ya matso kusa don shaidu su ji. Aka ja ni aka zaunar a gabansa, gwiwa da gwiwa da waliyyin amarya, riga tana warin ruwan batir. Bashiru yana can gefe cikin abokansa, idonsa a kaina. Na yi kwanaki ina bitar abin da zan faɗa, har a banɗaki. Muna nema wa ɗanmu Bashiru auren ɗiyarku. Mun karɓa, mun ɗauki ci da sha da sutura. Magana ce da yaro ma zai iya. Amma motar tana bayana daf, ina jin zafinta a gadon bayana kamar numfashi, kuma abu ɗaya ne ke yawo a kaina: ɗansa ne, motarsa ce, na cire mata abin da ya hana ni taɓawa, kuma na zo na zauna a wurinsa.

Liman ya yi salati, ya ɗaga murya ya ce, "Ina wakilin ango?"

Motar ta yi gyaran murya. Wallahi sau ɗaya, daga ƙasa, irin na Yaya sak.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, uban yaron ya zo da kanshi. Ga shi nan baya. A tambaye shi."

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Sai na juya, na durƙusa a gaban hancin motar, a gaban malaman Shinkafi da alƙalansu da surukan da ba su taɓa ganina ba, na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Dainamonka na nan ƙarƙashin gado, ban sayar ba. Gobe-goben nan zan mayar maka."

Wani tsoho ya fara a'uziyya. Can baya wani saurayi ya kasa riƙewa ya tuntsire, sai dariyar ta bi layi, har na ga rawuna suna girgiza. Wayoyin samari duk suna sama. Liman kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni da tausayi, irin wanda ya fi mari ciwo, ya ce, "Mamaci ba ya wakilci, bawan Allah. A samo muna mai rai."

Alhaji Mamman ko gayyata bai jira ba. Ya zame ya shige gurbina kamar dama an auna shi da shi. Ina durƙushe a ƙasa na ji ya nema, na ji an ba shi, na ji ya ce "mun karɓa" da muryarsa ta ofis. Kalmomina ne, waɗanda na yi ta bita, suka fita ta bakin wani. Liman ya ce a yi Fatiha. Aka ɗaga hannuwa. Daidai lokacin da jama'a suka shafa a fuska, motar ta ja wani dogon numfashi, ta yi shiru.

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Aka raba goro da sauri-sauri, kowa yana zagaye ta daga nesa.

Da igiya aka ɗaure ta a bayan bas don komawa, kuma dole wani ya riƙe sitiyari. Wa zai riƙe in ba ni ba? Na shiga kamar mai shiga kabari. Ana shirin tashi sai ga Bashiru ya sauko daga bas da kayan angoncinsa, ya buɗe ƙofar gefe ya zauna. Muka bi ta garuruwan nan da ba kowa, ba inji, ba rediyo, sai kukan igiya da tayoyi. Na kasa kallonsa. Mun yi nisa sosai kafin ya ce, "Baffa."

Na ce, "Na'am."

"Ni ma na ji shi. Gyaran muryar."

Idona ya cika.

Ya ce, "Amma da ka karɓa mini auren tukuna, sannan ka gaishe shi."

Daga baya na kai ta wajen rewayan da muke sahu ɗaya. Ya ce 'yar siririyar wayar nan da na cusa ita ce ke dawo da wuta daga altaneta zuwa inji ta bayan makulli, motar tana ciyar da kanta da kanta. Gunjin rediyo wutar ce ta yi masa yawa. Mutuwar da ta yi kuwa, cire batirin da na yi ne ya sa wuta ta haukace har ta ƙone abin da ta ƙone. Na ce, to me ya sa sai a kan Fatiha? Ya ce shi aikin waya kawai ya sani.

Yanzu daga Ƙaura har Zurmi, inda ban taɓa gyara wa kowa ko fitilar hannu ba, sunana Wakilin Mota. Yara in sun gan ni sai su yi gyaran murya. Alhaji Mamman in mun haɗu a jana'iza yakan tambaye ni ko akwai saƙo.

Abin da na koya ba shi da yawa, kamar karatuna. In aka ba ka wakilci, ka buɗe baki ka yi wakilcinka, ko da mai abin ya taso daga kabari ya tsaya a bayanka yana huci. In yana da magana ya faɗa wa liman da kansa.